Shayina da Bututun Baba Ibram

Ni Yahaya, ɗan Alhaji Mahaman mai shayi na Damagaram, mutum ne da ba ya son a taɓa masa suna. Ka taka mini ƙafa, in ce ba komai. Ka ce shayina ba shi da kyau, to mun ɓata har jikoki. Matata Talatu takan ce da ina kula da hulata kamar yadda nake kula da sunana, da ba ta yi wannan dauɗar ba. Ita dai ba ta san ciniki ba.

Kantina yana bakin kasuwar Gure. Ganyen shayi da sukari nake sayarwa, sai butoci da 'yan kofunan gilashi. Ranar kasuwar Gidigir nakan ɗora buhuna a mota in tafi, wani lokaci kuma daga can in hau amalanke zuwa Kwarin Ibram, wani ƙauyen Mangawa da ke bayan tuddan rairayi. Duk shayin da ake sha a ƙauyen nan nawa ne, tun zamanin mahaifina. In na je, a gidan Baba Ibram nake sauka, dattijon garin, wanda da shi da mahaifina sun ci abinci a akushi ɗaya.

A shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, casa'in da huɗu, aka shiga zargin 'yan kasuwa. Wai wannan yana zuba gari a sukari, wancan yana sirka mai da ruwa. Ni kuwa ina zaune a kan benci ina kaɗa kai, ina Allah wadai da su, har da yi wa masu saye wa'azi a kan amana. Ashe nawa yana hanya.

A Gidigir na fara ji, bayan damina. Wani mai raƙumi ya tsaya gaban buhunana, ya ɗebi ganye ya shinshina, ya mayar, sannan ya tambaye ni ko wannan ne wanda ake rubuta allo da shi. Mutane suka kwashe da dariya. Ni ma na taya su, baki har kunne, don ban gane ba. Sai da mai gishirin da ke kusa da ni ya ja ni gefe ya faɗa mini. Wai a Kwarin Ibram shayina baƙi ƙirin yake fita, kuma magana ta zagaya cewa tsohon ganye nake rinawa in sayar a matsayin sabo. Har an raɗa mini suna, Yahaya Tawada.

Wallahi ban san lokacin da na ɗaure buhunan ba. Duk hanyar komawa Gure ina lissafa maƙiyana, na fara da masu shayin kasuwa, na bi ta kan direban motar, na ƙare a kan wani ƙanen Talatu da bai gaishe ni da kyau ba ranar salla. Ina isa gida na hura gawayi. Na dafa daga buhun farko, ya fito kalar zuma, da kumfarsa. Na biyu haka, na uku haka. Kuma tun da ni ba mai zubar da shayi ba ne, duk na shanye. Haka na yi ta yi har idanuna suka firfito, ina yi wa awaki tsawa ba su yi komai ba. Talatu ta ce in an jima kaɗan ba sai an kira ni Tawada ba, mahaukaci za a ce, kuma wannan ya fi saurin bin gari.

Na shirya na tafi Kwarin Ibram da kaina, da ganyen da na tabbatar da shi a cikin aljihu. Duk damina ban leƙa ba, aike nake yi. Baba Ibram ya amsa sallamata, ya tambayi gida, ya tambayi hanya, amma bai ce a shimfiɗa mini buzun da aka saba ba. Tabarma aka ba ni. Na haɗiye wannan. Na ce a kawo gawayi da ruwa, ni zan dafa a gaban kowa. Matarsa, Inna Mairamu, ta kawo ruwa a ƙwarya ta ajiye ba ta kalle ni ba. Ruwa fari tas. Na zuba ganye, na ɗora, ina ta surutu a kan yadda mahassada suke ɓata sunan mutanen kirki. Da na ɗaga buta na tsiyaya a kofi, sai ga abu baƙi wuluk, har da shuɗi-shuɗi a bakin kumfar.

Na yi tsuru-tsuru. Mazan da ke zaune suka dubi ƙasa. Baba Ibram bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

"Yahaya," ya ce, "mahaifinka bai taɓa kawo mana irin wannan ba."

Don taurin kai na kurɓa. Ɗanɗanon ƙusa ne a bakina. Na ce ai ba laifi, ana iya sha.

Da na dawo Gure na daina wa'azi. Wanda ya lura da haka shi ne Mushe Abdurrahman, kamar yadda muke kiran malaman boko da Faransanci, malamin kimiyya a kolej, mutumin Tawa da aiki ya kawo. Shekarar ana ta yajin aiki, makaranta a rufe, shi kuma ba shi da dangi a garin, sai ya mai da bencina ofis. Na ba shi labari ina kumfar baki. Ya saurara, sannan ya tambaye ni da wane ruwa na dafa. Na ce da ruwa mana, da me ake dafa shayi? Ya ce a'a, na ina? Na ce na famfonsu, wanda aka kafa musu bara waccan, ruwan da ya fi na Gure haske. Ya ce in aika a ɗebo masa kwalba ɗaya, a toshe bakinta sosai.

Da kwalbar ta iso muka ɗora butoci biyu, ganye ɗaya daga hannu ɗaya. Na ruwan Gure ya fito zuma. Na ruwan Kwarin Ibram ya fito tawada. Sauran ruwan da ya rage a kwalba kuwa, da muka bar shi a buɗe zuwa la'asar, sai ya yi ja-ja, wani gari-gari ya kwanta a ƙasa. Mushe ya ce ƙarfe ne narkakke a cikin ruwan, ido ba ya ganinsa sai ya sha iska. In kuma ya haɗu da baurin ganyen shayi, nan take su zama baƙi. Ni ban ma tsaya jin ƙarshen bayanin ba, na tashi na yi rawa a tsakiyar kanti, ni da furfurata.

Amma shi bai gamsu ba. Ya ce bututun famfo yana da farin shafe irin na kwanon rufi, bai kamata ya ci tsatsa da wuri haka ba. Na ce ai wannan bututun ba irin sauran ba ne, Baba Ibram ne ya gyara shi da hannunsa. Labarin na ji shi ya fi a ƙirga, don duk baƙon da ya sauka garin sai Baba ya ba shi. Motar da ta ɗauko bututan ta kasa haye rairayi, sai aka ɗaura su a kan raƙuma. Dogayen ƙarafa a bayan raƙumi, hawa da gangara, suka iso a tanƙware. Masu kafa famfon kuwa sai daga baya za su zo. Mutanen gari suka ce abin kunya ne baƙi su tarar an lalata kaya tun ba a fara aiki ba. Shi kuma Baba, duk ƙasar nan ba wanda ya kai shi miƙar da sanda. Makiyaya daga Bune suke kawo masa karkatacciyar sanda, ya gasa ta sama-sama a wuta, ya sa ta a gwafar goriba, ya danna nan, ya mayar can, ya kai ido ya duba, har ta miƙe sak. Haka ya yi wa bututan, ɗaya bayan ɗaya. In ya wuce ya dawo da shi, in ya dawo da yawa ya sake dannawa. Da masu aikin suka iso ba su ga komai ba, suka zura su a rami.

Ina gama faɗa, ina jiran a yaba, sai na ga Mushe ya ɗora hannu a ka. Ya tashi ya yanko waya biyu daga wadda ake ɗaure akwatin shayi da ita. Ɗaya ya bar ta yadda take. Ɗayar ya lanƙwasa ya miƙar, ya lanƙwasa ya miƙar, sannan ya daidaita ta har ba ka bambance su. Ya jefa kowacce a kofin ruwa, ya ce in ajiye a saman kanta kada in taɓa. Ni da na iya haƙuri, kullum sai na leƙa sau babu adadi. Bayan 'yan kwanaki ta farko tana nan fes. Ta biyu kuwa, daidai inda ya wahalar da ita, tsatsa ta yi mata zobe, ruwan ma ya fara sauya kala.

"Ƙarfe yana da fata," ya ce mini, "siririya, ido ba ya gani. Ita ce tsakaninsa da ruwa. Sanda in ka miƙar da ita ta manta. Ƙarfe ba ya mantawa. Inda aka ja shi, fatar tana nan a ɗame, wani wurin ta tsage. Ruwa ya fi kama wurin, ya fi saurin cinsa. Daga waje a miƙe yake, amma ruwan ya san inda aka danna."

Na tambaye shi ko ruwan zai kashe mutane. Ya ce a'a, sai dai ya ɓata shayi da farin tufafi, kuma wata rana bututun zai huje, dole a sauya shi. Ya ƙara da cewa in bi a hankali wurin faɗa wa mutanen. Wannan na ƙarshen ta kunnen hagu ya shiga, ta na dama ya fita.

A hankali? Ni da aka kira Tawada a gaban masu gishiri? Na tsara abina. Ranar kasuwar Gidigir, da hantsi, lokacin da ta cika, zan kafa murhu biyu. Buta biyu, ruwa biyu, ganye ɗaya. In sa mai raƙumin nan ya zuba ganyen da hannunsa. Bayan nan in fito da wayoyina in yi bayani kamar ni na gano. Har na haddace wurin da zan ce ƙarfe ba ya mantawa, in yi shiru, in dubi jama'a. Na gwada a tsakar gida, Talatu tana tankaɗe. Ta ce jawabin ya yi kyau, amma wa zai kwana da kunyar in na gama? Na ce wanda ya jawo ta. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ana gobe kasuwa na sauka Kwarin Ibram da bido, wato jarka, don in ɗebi sabon ruwa. Da safe, rana ta ɗan ɗago, na nufi famfo. Na tarar da mata sun riga ni. Suna bugawa, amma ba sa zubawa a tulu. Bokitin farko jawur ya fito, kamar an wanke jan baki a ciki. Wata ta ɗauka da sauri ta kai gindin dabino ta juye. Na biyu ma haka, na uku haka, har ruwan ya washe. Wata kuma tana goge jan da ya kama bakin simintin da toka. Duk suna yi suna waigen hanyar gidan Baba. Inna Mairamu ce take tsaye a kansu.

Ta ga bidon da ke hannuna, ta ga fuskata, ta sallami matan da ido. Na gaishe ta, sannan na fara jawabina, don ya riga ya cika mini ciki. Ban kai ga fatar ƙarfe ba ta tare ni. Ta ce sun sani. Ba su san fata ba, ba su san sunan abin ba, amma su suke wanki, su suka ga fararen zannuwa suna yin ja, su suka ga fura tana yin toka-toka. Tun kafin shayi ya fara baƙi suka gane daga rami abin yake. Da mai gyaran famfo ya zo ya zaro bututu ɗaya, ya nuna musu inda tsatsa ta ci, sai ga shi daidai wuraren da goriba ta kama. Suka roƙe shi ya mayar ya yi shiru. Sun shirya da shi, in an gama girbi Baba ya tafi Bune wurin 'yarsa, za a sauya duka kafin ya dawo.

Na ce to shayina fa? Ta ce shayin ne kaɗai suka kasa ɓoyewa, don a gaban Baba ake dafawa. Ranar da ya fara ganin baƙin, ya tambaya, aka yi shiru. Shi da kansa ya ce ko dai Yahaya ne ya bi sahun 'yan kasuwar zamani. Ba wanda ya ce e, ba wanda ya ce a'a.

Kai, raina ya ɓaci. Ashe ba mahassada ba ne, ba direba ba ne, ba ƙanen Talatu ba ne. Gari guda ne, maza da mata, suka dube ni suka ga na dace a shafa mini kashin kaji. Na faɗa mata haka. Na ce an zubar mini da mutunci a kasuwa uku, na ce ina da 'ya'ya, na ce sunan nan gadonsa na yi. Ta bar ni na zazzage duka.

"Gaskiyarka, ɗana," ta ce. "Mun zalunce ka. Amma dubi hannunsa in ya fito. Bututun nan shi ne aiki na ƙarshe da hannun ya yi kafin rawa ta kama shi. Yanzu ko hularsa ni nake gyara masa. Kai kana da Gure, kana da Damagaram, kana da shekaru a gaba. Shi famfon nan kaɗai ya rage masa."

Na ce wannan ba hujja ba ce. Ta ce ba ta ce hujja ba ce. Ta karɓi bidon daga hannuna, ta cika mini shi da kanta, ta toshe, ta ajiye a gabana. Ta ce in na ga dama in je in yi, ba wanda zai tare ni, gaskiya tawa ce.

Ina tsaye da bido kamar wanda aka aika ya manta saƙo, sai ga Baba Ibram ya fito. Yana tafe a hankali, ya zauna a tabarmarsa ta kullum, a inuwar da ke fuskantar famfo. Wasu Fulani biyu masu wucewa suka tsaya shan ruwa. Kafin su ajiye ƙwarya ya fara ba su labarin raƙuma da goriba. Ya ɗaga hannuwa zai nuna yadda ya danna, hannuwan suka ƙi tsayawa, ya haɗa su ya matse a cinya ya ci gaba da baki. Fuskarsa kuwa kamar ta ango.

Kada wani ya ɗauka nan take zuciyata ta yi laushi. Ba ta yi ba. Na zauna bayan rumbu ina huci, ina maimaita jawabina, ina jin daɗinsa, don wallahi jawabi ne mai kyau. Sau biyu ina miƙewa in nemi amalanke. Abin da ya hana ni, duk lokacin da na kai wurin da zan yi shiru in dubi jama'a, sai in ga labarin ya riga ni dawowa ƙauyen, wani ya durƙusa yana faɗa wa tsohon a kunne. Na tsani kaina da wannan tunanin. Na tsani Inna Mairamu, da Mushe, da wanda ya ƙirƙiro famfo.

Da la'asar maza suka taru a ƙofar gidan. Na zo na tsuguna gaban Baba, na cire hula. Na ce na bincika, na gano daga ina matsalar take, kuma na zo da ganye mai kyau. Na yi niyyar in tsaya nan, ban yi ƙarya ba, ban faɗi gaskiya ba. Amma tsohon ba yaro ba ne. Ya tambaye ni kai tsaye, laifin wa ke nan? Na dubi mazan, kowa ya sami abin kallo a yatsun ƙafarsa.

"Nawa ne, Baba," na ce.

To, nan fa aka yi mini wankin babban bargo. Ya yi magana a kan amana, a kan mudu, a kan ranar da za a auna kowa. Wa'azin da nake yi wa mutane a kantina, kusan kalma da kalma, sai dai nasa ya fi tsawo. Ya ce aiki in za ka yi shi, ka yi shi yadda ba za ka ji kunya ba, ya nuna famfo da haɓa ya ce in yi koyi. Ni ina durƙushe ina cewa haka ne. Daga ƙarshe ya ce ya yafe, a kawo mini buzu, a kawo gawayi.

Inna Mairamu ta fito da ruwa a ƙwarya. Ƙafafunta duk taɓo ne har idon sawu, irin baƙin taɓon tsohuwar rijiyar da ke can ƙasan kwari. Ta ajiye a gabana, wannan karon ta kalle ni. Na zaro ganyen nan dai na kullum, daga buhun nan dai, na zuba. Da na tsiyaya, ya fito zuma, kumfa fara a kai.

Baba Ibram ya karɓi kofin da hannu biyu, ya ɗaga shi saitin rana, ya daɗe yana dubawa. Ya nuna wa na dama, ya nuna wa na hagu.

"Kun gani?" ya ce. "Ashe yana da mai kyau, ɓoyewa yake."

Ya miƙo mini in fara sha. Hannun yana rawa, shayin yana zuba a kan yatsuna da zafinsa. Na riƙe kofin tare da hannunsa har ya saki.